A Wane Gurbi Za a Sa "Alhamdulillahi"?

Mu Haɗejawa in aka tambaye mu muna amsawa. Baƙo ba ya zuwa ƙofar gidanmu ya koma hannu rabbana, ko da magana kawai ya zo nema. A shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa ruwa, in lokacin kankana ne a yanka masa. Sai dai amsar da muke ba shi mu kaɗai muka san nauyinta. Shi kuwa takarda ce a hannunsa, ko waya, mai gurabe huɗu ko biyar, kuma dole ya zaɓi gurbi ɗaya ya sa mu a ciki kafin ya wuce gida na gaba.

Wannan ita ce hirar da ta raba mu dare a majalisarmu ta ƙofar gida a Dubantu, bayan sallar isha'i. Ɗan ƙanwata ne ya tayar da ita. Karatun ƙididdiga yake yi a jami'a, kuma a hutun da ya wuce ya sami aikin 'yan kwanaki na zagaya ƙauyuka da takardar tambayoyi a kan noma da ambaliya.

Ya ce, "Kawu, wani dattijo na tarar a bakin gonarsa can wajen Auyo. Ruwa ya kwanta a kan shinkafarsa har ta ruɓe, ina ganin karan a kwance baƙi ƙirin. Na gaishe shi, na ce, Baba, yaya amfanin gonar bana? Gurabe biyar ne a gabana: ya yi kyau ƙwarai, ya yi kyau, matsakaici, bai yi kyau ba, ya lalace. Ya ce, Alhamdulillahi. Na ce, Baba, in an kwatanta da bara fa? Ya ce, sai godiya. Na ce, to ka gamsu da abin da ka samu? Ya ce, ai wanda ya ba da shi ya san dalili. Sai da na ce, Baba, buhu nawa ka ɗauka a nan bara? Ya ce 22. Na ce, bana fa? Ya yi shiru, ya dubi ƙasa, ya ce 5, amma akwai wanda ko mudu bai ɗauka ba."

Majalisa ta yi tsit na ɗan lokaci, domin kowannenmu ya san da shi ne aka tambaya, haka zai amsa. Haka aka rene mu. Mai zazzaɓi yana rawar ɗari, ka ce masa yaya jiki, ya ce da sauƙi. Wanda gobara ta cinye wa rumbu, ka je jaje, shi ne zai riga ka cewa Allah ya sa iyakarta ke nan. Wannan tarbiyya ce mai kyau, ita ke riƙe da zukatanmu a shekarar da ruwa ya ci gona. Amma yaron nan mai takarda, in sauri ya kama shi, ya ji Alhamdulillahi sai ya danna "ya yi kyau". Buhu 17 da suka salwanta sun ɓace ke nan a cikin gurbi guda.

Malam na masallacinmu ne ya fara magana. Ya ce, "Ai godiya daban, bayani daban. In ka je wurin likita ya ce ina ke maka ciwo, ka nuna masa wurin, ba ka butulce wa Allah ba. Ka gode, sannan ka faɗi abin da ya faru."

Daga nan sai yaron ya shiga yi mana bayanin abin da ake yi da amsoshin namu in sun isa ofis. Ya ce amsa iri biyu ce. Akwai wadda ake aunawa, kamar buhu nawa, shekara nawa, kadada nawa. Wannan ana tarawa, a raba, a fitar da matsakaici. Akwai kuma wadda ba a aunawa, ƙirga ta kawai ake yi: eh ko a'a, manomi ko masunci ko makiyayi, rijiya ko famfo ko kogi. Yawancin tambayoyin da ake yi mana irin na biyun ne. A kwamfuta ana ba kowane gurbi lamba, a ce manomi 1, masunci 2, makiyayi 3, amma lambar suna ce kawai, kamar lambar da ke bayan rigar ɗan ƙwallo. In ƙauye rabinsa manoma ne rabinsa makiyaya, wani ya tara lambobin ya raba, zai sami 2, sai ya rubuta cewa masunta ne, alhali babu mai koma ko ɗaya a garin. Abin da ya dace shi ne a ƙirga kowane gurbi, a faɗi kaso nawa ne cikin ɗari, a kuma faɗi mutum nawa aka tambaya gaba ɗaya.

Akwai wani dattijo a majalisarmu da kowa ke ce wa Baba, wanda ya tsufa a kan ruwa. Shi ne ya katse shi. Ya ce, "Yaro, tsaya tukuna. Ni a wane gurbin za ka sa ni? Da damina ina da gero a tudu, ina da shinkafa a fadama. In ruwa ya fara janyewa ina cikin kwalekwale da mali da mamari, ina neman tarwaɗa da karfasa. Inda ruwa ya bari da danshi in shuka wake. Da sanyi in ja ruwa da inji in yi tattasai da albasa. Ga tumaki a gida ana kiwon layya. To faɗa mini, ni wane ne?"

Yaron ya ce, "Baba, a takardar da aka ba ni an rubuta: babbar sana'a, zaɓi ɗaya."

Baba ya ce, "To wanda ya rubuta takardar nan bai taɓa kwana a bakin kogin Haɗeja ba."

Gaskiya ya faɗa. Rayuwar fadamar nan, daga Auyo zuwa Kirikasamma da Guri har Nguru, a kan juyin ruwa aka gina ta. Mutum ɗaya sana'a uku ko huɗu gare shi, kowace da watanta. In aka zo masa a watan Agusta zai ce manomi ne, in aka zo a Disamba zai ce masunci ne, kuma duk bai yi ƙarya ba. Yaron ya ce masu ilimin sun san da wannan. Akan rubuta tambayar ta yadda mutum zai zaɓi duk abin da ya shafe shi, sannan a ɗauki kowace sana'a a matsayin tambayar eh ko a'a mai zaman kanta. In aka yi haka jimillar kason za ta haura ɗari, kuma ba kuskure ba ne, hoton rayuwarmu ne. Lissafi komai kyansa gurabe yake ƙirgawa. In gurbin bai yi daidai da mutum ba, ba dabarar da za ta gyara shi daga baya.

Alhaji mai sayar da banda a kasuwar kifi ya ce, "To in an ƙirga, sai me? Ai ni ma ina ƙirga kwali."

Nan yaron ya jawo fitila kusa, ya share gidajen darar da aka bari a ƙasa tun la'asar, ya zana layi ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance, gida huɗu suka fito. Ya tattaro tsakuwar dara, ya ce kowace ɗaya mutum 10 ce.

Ya ce, "Mu ƙaddara an tambayi mutum 200, masunta 100, masu noman tudu 100. Tambayar ita ce, ciyawar kacalla ta rage maka abin hannu? Mu ce 120 sun ce eh, 80 sun ce a'a. Yanzu in da sana'a ba ta da ruwa da amsar, eh nawa za mu sa ran gani a wurin masunta?"

Alhaji bai ko ɗaga kai ba ya ce, "60 nan, 60 can."

"Madalla, Alhaji. Wannan shi ake kira abin da ake sa rai. Sai a dubi abin da aka gani a zahiri." Ya ɗauki tsakuwa biyu daga gidan manoma ya mayar gidan masunta. "In muka tarar masunta 80 ne suka ce eh, manoma 40, tazarar 20 ce a kowane gida. Sai a ninka tazarar da kanta, a raba da abin da aka sa rai a gidan, a yi haka a gida huɗun, a tara. A nan zai ba da 33 da 'yan kai. In kuwa 63 da 57 muka gani, abin da zai fito bai kai 1 ba. A tebur mai gida huɗu irin wannan, mizanin da aka saba amfani da shi 3.84 ne. In lissafin ya haura shi, sai a ce da wuya wannan bambanci ya zama dace kawai. In bai kai ba, sai a ce ba a sami hujja ba tukuna."

Ya ce sunan wannan gwaji kai-sikwaya, kuma wani Bature a Landan, Karl Pearson, shi ya fito da shi a 1900. Ya kuma ce yana da sharaɗi: in mutanen da aka tambaya kaɗan ne, har abin da ake sa rai a wani gida bai kai 5 ba, gwajin ba ya zama abin dogaro, sai a koma wa wata hanya da Ronald Fisher ya kawo a shekarun 1930. Gwajin kuma abu ɗaya yake faɗa, cewa akwai alaƙa tsakanin sana'a da amsa. Bai faɗi dalili ba. Dalilin sai an tambayi Baba, wanda ya san yadda kacalla ke toshe hanyar kwalekwale, take hana jefa koma, take zama makwancin tsuntsaye jan-baki masu sauka a kan shinkafa.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda Alhaji ya ba da amsa kafin a rufe baki. Mutanen da suka iya raba gado, suka iya fitar da zakkar hatsi, suka iya lissafin kwalin banda daga Haɗeja zuwa kudu, ba za a ce wannan ilimi ya fi ƙarfinsu ba. Ba a dai zauna an zana musu shi a ƙasa ba ne.

Sai muka zo kan gurbin da muka fi so duka, wato na tsakiya. Yaron ya ce tambayar nan mai matakai biyar, daga na yarda ƙwarai zuwa ban yarda ba sam, wani masanin Amurka ne, Rensis Likert, ya tsara ta a 1932. Mu kuwa muna da namu matakan tun kafin nan: ba laifi, da dama-dama, ba yabo ba fallasa, to a haka dai. Sai dai "ba laifi" a bakin Bahaushe tana iya zama yabo babba, tana iya zama ƙorafi a lulluɓe, sai ka dubi fuska ka saurari murya. Ga kuma kawaici. Baƙo ya ce mana, ka yarda cewa aikin nan ya amfane ku? Mu ga ya sha rana, ya zo daga nesa, sai mu ce eh don kada mu kunyata shi. Yaron ya ce matakan nan suna da jeri, na sama ya fi na ƙasa, amma ba wanda ya san ko tazarar da ke tsakaninsu ɗaya ce. Shi ya sa ya fi kyau a nuna mutum nawa ne a kowane mataki, maimakon a dunƙule su a ce matsakaicin gamsuwa 3 ne.

A nan Baba ya sake gyara zama, domin maganar ta taɓo kogi. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan Haɗeja ta canza. A da yakan zo da ƙarfi da damina, ya malale fadama, ya janye da rani ƙasa ta bushe. Da ya koma gudana kusan duk shekara, kacalla ta sami wurin zama, ta cike hanyoyin ruwa, laka ta taru. Sai ya zamana wasu garuruwan, kamar na bakin hanyar ruwa ta Marma, ruwa ya yi musu yawa har ya cinye gonaki, wasu kuma da ke kan hanyoyin da suka toshe suna kukan ruwa bai iso ba.

Baba ya ce, "Yanzu in ka tambaye su duka, ruwa ya yi yawa ko ya yi kaɗan, rabi su ce yawa, rabi su ce kaɗan, ka haɗa ka raba, sai ka kai wa gwamnati rahoto cewa ruwa ya yi daidai?"

Yaron ya ce, "Wallahi Baba, abin da malaminmu ya yi mako guda yana koya mana ke nan." Ya ce in aka cakuɗa rukunoni masu hali daban a tebur ɗaya, gaskiya tana iya ɓacewa, wani lokaci ma ta juye ta nuna kishiyarta. Maganin shi ne a raba teburin: na gabas daban, na yamma daban, maza daban, mata daban, mai injin ban-ruwa daban da marar shi. Akwai kuma hanyar lissafi da ke ɗaukar amsar eh ko a'a, ta auna tasirin sana'a da wurin zama da shekaru a lokaci guda, don a ga wanne ne ke da nauyi in an daidaita sauran. Amma kafin kwamfuta ta raba, sai an sami wanda ya san inda ya kamata a raba. Da ɗan gari akan ci gari.

Sai maganar wa ake tambaya. Alhaji ya ce shi in zai sayi shinkafa ba ya zazzage buhu, ƙarfe yake soka wa ya ɗebi samfur, amma yana soka sama da tsakiya da ƙasa, domin ya san halin masu zuba mai kyau a baki. Yaron ya ce wannan shi ne ilimin gaba ɗaya. In aka zaɓi mutum 400 ta hanyar ƙuri'a, kason da aka samu yakan iya kaucewa da kamar maki 5 sama ko ƙasa. In 100 ne, kaucewar takan kai kamar 10. Amma wannan in an soka ko'ina ne. Mutum 400 daga ƙauye 4 na bakin kwalta ba su kai darajar 400 daga ƙauye 40 ba, domin mutanen gari ɗaya ruwa ɗaya ke cinsu, amsarsu takan yi kama.

Mu kuwa mun san yadda abin yake faruwa. Mota takan tsaya inda hanya ta ƙare, garin da sai an shiga kwalekwale ba a cika isa ba. Akan sauka a ƙofar bulama ko mai unguwa, shi kuma ya kira waɗanda ke kusa. Masunci ya fita tun asuba, Bafulatani yana can cikin fadama da shanu. Sannan ga babbar magana, mata. Da na shiga gida na ba uwargida labari, sai ta ce, "Sau nawa aka zo gidan nan da takarda? Kai kake amsawa a zaure. An tambaye ka itacen nawa muke ƙonawa, ka sani? An tambaye ka ko yara sun yi gudawa a makon, ka sani?" Ban sani ba, kuma na amsa a lokacin. Matan garin nan su ke turara shinkafa, su ke sana'ar cikin gida da ke cike giɓin cefane, su suka san wane yaro ne bai ci ya ƙoshi ba. Shi ya sa babban binciken lafiya na ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta gudanar a 2018 ya zauna da mata sama da dubu 40 su da kansu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai kuma halayenmu biyu da sai mun faɗa wa kanmu gaskiya a kansu. Na farko ɓoyewa. Iyayenmu sun ga zamanin haraji da jangali, lokacin da ƙirga kai da ƙirga shanu ke nufin biya. Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a 1979, muna cikin jihar Kano a lokacin, tun kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991, amma tsoron bai gama fita daga jini ba. Har yau makiyayi ba ya son faɗin adadin shanunsa, uwa ba ta son ƙirga 'ya'yanta, wata ma don alkunya ba za ta sa ɗan fari a lissafi ba. Na biyu ƙari. Tun da aka saba in an rubuta suna tallafi na iya biyowa, musamman bayan ambaliya irin ta 2022, sai wanda katangarsa ta faɗi ya ce gida ya rushe. Ban ga laifin mabuƙaci ba, yunwa ba ta da kara. Amma in kowa ya shiga gurbin "ya rushe gaba ɗaya", wanda nasa ya rushe da gaske ya ɓace a cikin taro, kuma gobe in muka yi kuka ba za a gaskata mu ba.

Wani zai ce, duk wannan wahala a kan takardar da za a kai a ajiye? Ba kullum ake ajiyewa ba. A 1991 wasu masana uku, Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage, sun zauna sun lissafa abin da fadamar nan ke samarwa na noma da kifi da itacen girki, suka kwatanta da abin da ruwan yake samarwa in an tare shi a aikin ban-ruwa na Kogin Kano. Suka nuna cewa ruwan da ya malala a fadama ya fi kawo amfani nesa ba kusa ba. Har yau masu kare hakkin fadama a duniya suna kafa hujja da wannan aiki. A 2022 kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133, wato kaso 63 cikin ɗari na 'yan Najeriya, suna cikin talauci mai fuskoki da yawa. Wannan adadi da aka yi ta faɗa a rediyo, daga irin tambayoyin nan aka gina shi: da me kuke girki, ina kuke ɗiban ruwa, yaro yana zuwa makaranta ko ba ya zuwa. Amsar da muka bayar a zaure ita ce take komawa Dutse da Abuja ta zama hujjar inda za a haƙa rijiya da inda za a yashe kogi.

Saboda haka abin da muka tashi a kai a daren nan kashi biyu ne. Namu shi ne mu gode wa Allah kamar yadda muka saba, sannan mu faɗi buhu nawa. Abin da ba mu sani ba mu ce ba mu sani ba, akwai gurbinsa a takarda, kuma ya fi ƙirƙira daraja. In tambayar ta mata ce, mu yi sallama a cikin gida a bar su su amsa. Na masu takarda kuma shi ne su rubuta tambayar da Hausar da ake yi a nan, su gwada ta a kan mutum goma kafin su buga dubu, su ɗauki 'yan mata masu shiga gida, su faɗa tun farko ko akwai tallafi ko babu, su shiga kwalekwale in hanya ta ƙare. Ga ɗalibai a kwalejin Binyaminu Usman nan cikin gari, ga na jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, 'ya'yanmu ne da suka san bambancin "ba laifi" ta yabo da ta haƙuri.

Da za mu tashi, yaron ya ce shi tun daga ranar dattijon Auyo ya canza salo. Yanzu in ya isa sai ya gaisa sosai, ya tambayi gona, a ce Alhamdulillahi, shi ma ya ce Alhamdulillahi, ya bar ta a matsayinta na gaisuwa. Sai an natsu sannan ya buɗe takarda ya fara da buhu nawa.

Baba ya dogara sandarsa ya miƙe. Ya ce, "Ka yi daidai, yaro. Saura abu ɗaya. Shekara da shekaru ana zuwa ana tambayata, ban taɓa ganin wanda ya dawo ya ce ga abin da aka samu ba. In kun gama lissafinku, ka dawo nan ka zana mana shi a ƙasa kamar yadda ka yi yau, mu gani ko mu ne a ciki."

Yaron ya ce, "In sha Allahu, Baba."

Ya durƙusa ya tattara tsakuwar ya mayar cikin gwangwaninta, domin masu dara za su neme ta gobe da la'asar.